Hawan Jinin Alƙali

Talata, da hantsi

Wanda ya aske kan matata bai taɓa riƙe aska ba. Na faɗa wa likita haka, ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Ni da na fara aski tun ina hawa akwati kafin hannuna ya kai ƙeyar mutum, ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba: rabin kai ƙwalƙwal, rabi da kitsonsa, tsakiya kuma kamar akuya ta yi kiwo ta ƙoshi. Wai sauri suke, rai ake ceto. To, na ji. Amma sauri ba ya hana mutum bin kwanciyar gashi.

Auta ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta abin da likitoci suka ce tunda na fara mantuwa. Ga abin da suka ce. Wata jijiyar jini ce ta yi ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, irin yadda tsohuwar tayar keke ke kumbura gefe guda, sai ta fashe, jini ya malala ya kewaye ƙwaƙwalwar. Ranar Asabar ke nan, tana tsakiyar yi mini faɗa a kan jiƙaƙƙen tawul da na bari a gado. Ta dafe kai ta ce, “Wa ya buge ni?” Ba wanda ya buge ta. Sun buɗe kan sun matse bakin jijiyar da wani ɗan ƙarfe.

Alƙali muke ce mata, ni da yara, har maƙwabta. Ba ta taɓa taka kotu ba, amma ba a yin magana a gidanmu ta kwana ba hukunci.

Ɗakin nan wari yake. Maganin goge ƙasa, da fitsari, da ayabar da wani ya manta a cikin durowa. Tir.

Laraba, bayan azahar

Ta yi magana, har ta fi ƙarfin magana.

Akwai wata nas da na sa wa suna Mai Tocila. Ba ta barin mutum ya runtsa. Da ka ɗan lumshe ido sai ga ta, ta ɗage fatar idon ta haska.

“Mama, a ina kike yanzu?”

“A inda ba a koya wa yara sallama.”

“Matse mini hannu.”

Ta matse har Mai Tocila ta ce wash. Auta ta fashe da kuka don murna.

Wata siririyar roba ta fito daga tsakiyar kanta ta gangara cikin leda a gefen gado. Abin da ke ɗiga ciki kalarsa ta ruwan wankin nama. Na ce ba zan duba ba, kuma ba abin da nake yi sai dubawa. Kawunan da suka ratsa hannuna ba su ƙidayuwa, na san tabo, na san ƙari, na san ƙeyar mai rowa, amma ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Ashe wannan ne. Ashe duk hukuncin nan a cikin ruwan wankin nama yake iyo.

Alhamis, da la'asar

’Yan dubiya. Sukan zo da kwanukan abinci wai na maras lafiya, su shimfiɗa tabarma a baranda su cinye abinsu, suna lissafa duk wanda suka sani da ya yi irin wannan ciwon ya mutu. Wata ta ce mijin yayarta haka ya yi, ya tashi garau yana ba da labari, bayan kwana kaɗan sai gawa. Ta faɗa tana tsotsar ƙashi.

Abin haushin shi ne likita ma kusan haka ta ce. Ta ja ni gefe. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, amma ba ta kwana-kwana.

“Baba, kada ku saki jiki tukuna. Jinin da ya zuba yana nan kwance kewaye da jijiyoyin, ita kuwa jijiya ba ta son jini ya taɓa ta daga waje. Sai ta tsuke. In ta tsuke, jinin da ke cikinta ba ya isa inda ake jiransa, wurin ya ji yunwa, ya mutu, ya kumbura.”

“Har yaushe?”

“Kamar mako biyu muna tsaro.”

Na ce ashe jijiyar ma halin mai ita gare ta, a taɓa ta kaɗan ta ɗaure fuska mako biyu. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Juma'a, da hantsi

Hannun dama ya yi sanyi da safe. Mai Tocila ta ce matse, ba a matse ba. Aka yi ta kai da kawo. Suka rataya wani ruwa, suka ce na ɗaga jini ne, wai za su tura shi da ƙarfi ya kutsa ta jijiyar da ta tsuke. Kafin rana ta take, hannun ya dawo. Da idona na gani. Abin da ta fara yi da shi, ta nuna ni ta ce hulata ta karkace.

Suka kuma kawo mata ƙwayar gishiri. Gishiri! Wai kan da ya ji rauni yakan zubar da gishirin jiki ta fitsari, dole a mayar. Ta tsotsa tana lumshe ido kamar alewa, ta ce, “A kira mini Babba ya gani.”

Juma'a, da yamma

Babba ya gani.

Sai in rubuta wane ne Babba a wannan maganar, ko don in tuna wa kaina. Shi ne ɗanmu na fari. Tun ranar da aka ce uwarsa tana da hawan jini, ya zama ɗan sandan gidan. Shi ya sayo na'urar awo. Kullum kafin ya tafi ofis sai ya biyo ya naɗe mata dantse, tana zaginsa yana rubuta lamba. Shi ya ɗauke gwangwanin gishiri ya ɗora saman kabad inda ba ta kaiwa. Shi ke ɓare mata ƙwaya ya tsaya sai ta haɗiye, ya ce buɗe baki in gani. Shekaru muna cin miya kamar ruwan wanke hannu saboda shi. Ta ce ita ta haifi mutum, sai ga shi an musanya mata da ma'auni.

Yau ya shigo ya ɗaga kai ya ga lambar awon jinin da ke kan allon da ke bisa gadonta. Fuskarsa ta koma toka.

“Baba, kun ga wannan? Da wannan lambar ai jijiyar ta fashe tun farko!”

“Da gangan suka ɗaga.”

“Da gangan? Wa ya ce?”

“Likita.”

“Wannan yarinyar?”

Na yi masa bayanin tsukewa da turawa daidai gwargwado. Wataƙila ban iya ba. Ni mai aski ne. Likitar da kanta ta zo ta ce masa an riga an ɗaure inda ya fashe, yanzu abin tsoro ƙarancin jini ne, ba yawansa ba, kuma kada a ba ta komai daga gida. Ya ce to. Na san wannan to ɗin tun yana rarrafe.

Asabar, da rana

Bai je ko'ina ba. Yana zaune yana kallon allo kamar mai gadin tukunyar da za ta tafasa ta zube.

Lahadi, bayan azahar

Na je bayan gida. Ba zan kwatanta bayan gidan asibitin nan ba, littafin Auta ne.

Da na dawo na tsaya a bakin ƙofa ina goge hannu a riga. Labule a ja rabi. Bayan mutum kawai nake gani, ya sunkuya, da kofin ruwa. Na ji an ce, “Buɗe baki in gani.”

Ita kuma ta ɗago ido ta saman kafaɗarsa ta dube ni.

Na koma baranda. Ƙafata ce ke ciwo, shi ya sa na koma.

Lahadi, kafin magariba

Lamba ta sauko. Wani ya yi murmushi ya ce, “Baba, kun gani?”

Mai Tocila ta zo ta ce, “Mama, a ina kike?” Mama ta buɗe baki. Bakin ya zame gefe guda kamar rigar da aka rataya da kafaɗa ɗaya. Abin da ya fito ba magana ba ce.

Likita ta shigo da gudu, ta dubi allo, ta dubi ledar ruwa, ta dube mu.

“An ba ta wani abu?”

Auta ta ce wallahi ko ruwa ba ta ba ta ba. Sauran suka dubi ƙasa. Likita ta ce, “Baba?”

Na ce ina bayan gida.

Ai ina bayan gidan.

Litinin, da sassafe

Na tare likita a kan matakala kafin ta shiga.

“An ba ta ƙwayarta ta gida. Ta saukar da jini.”

Ta tsaya. “Nawa?”

“Ban ƙidaya ba. Yadda na san mai hannun, ba zai tsaya a ɗaya ba.”

“Wa?”

“Hannu ne. Hannu na gani.”

Ta daɗe tana kallona. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

“Tun jiya na tambaye ku, Baba. Jiya na yi ta tura jinin yana komawa, ban san da abin da nake kokawa ba.”

Ta wuce. Takalmanta na roba ne, ba sa ƙara. Ko wannan ya ba ni haushi.

Litinin, da la'asar

An ɗauki hoton kai. Gefen hagu ya ji yunwa, ya fara kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ba ya miƙewa, in ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da wajen zuwa sai ta danne kanta. Za su cire ɓangaren ƙashin su ba ta fili.

Aka kawo takarda a sa hannu. Kullum Babba ke sa hannu a komai na gidanmu. Aka nema aka rasa. Na sa.

Talata, da hantsi

Kakata ta taɓa ba mu labarin wata mata da ta cire haƙoranta ta ba ƙasa ajiya don kada fari ya cinye su, da damina ta zo ta tono abinta. Muna yara muka ce ƙarya ne, ta ce mu jira mu tsufa.

Na tambayi likita ina ƙashin da suka cire. Na zaci za ta ce a firji, ko sun yar. Ta ce sun tsaga fatar cikin Alƙali sun ajiye shi a ciki, wai a nan zai zauna da ransa har kumburi ya sauka su mayar.

Matata tana kwance da kanta a cikin cikinta. Na tsufa, Kaka. Kin ci.

A kan bandejin sun rubuta da jan alƙalami cewa babu ƙashi a nan. Kamar kwalin ƙwai.

Laraba

Ba ta farka ba. Na'ura ke hura ta.

Alhamis, da rana

’Yan dubiya sun ƙaru, don labari ya yi daɗi. Mai tsotsar ƙashi ta dawo ta ce ai ita ta faɗa. Wani ya ce kuskuren likitoci ne, a kai su ƙara, wai ina aka taɓa ɗaga wa mai hawan jini jini. Ya juyo gare ni ya ce, “Ko ba haka ba, tsoho?” Na ce masa ƙeyarsa na bukatar aski.

Auta ta ce, “Baba, wai ina Yaya? Ko waya ba ya ɗauka. Matarsa ta ce kullum da asuba yake fita wai ya taho nan.”

Na ce wataƙila aiki.

Na san inda yake. Daga tagar baranda ana hango wurin ajiye motoci. Motarsa tana ƙarshen layi, kusa da bolar asibiti, gilashi a rufe.

Asabar, da hantsi

Na leƙa shago. Wani tsohon abokin ciniki ya zauna, na shafa masa sabulu, na ɗora hannu a gefen kansa na hagu don in karkatar da shi. Na ji ƙashi, mai ƙarfi, a wurinsa. Mutumin da bai taɓa yin tunani mai amfani da shi ba.

Na ce masa askar ta dakushe. Ya tafi da kumfa a kunne.

Lahadi

Wari. Ayabar tana nan. Na gano durowar, amma ta mai gadon kusa ce, kuma ba ta da mai zuwa.

Litinin, bayan azahar

Sun cire na'urar numfashi. Ta buɗe ido. Na hagu yana bin mutum, na dama yana biyo shi a makare. Hannun dama yana kwance kamar na aro.

Mai Tocila ta ce, “Mama, a ina kike?” Duk muka kasa kunne, ko zagi ne a samu. Leɓe ya motsa. Babu.

Mu da muka yi shekaru a gida muna roƙon Allah ta yi shiru.

Na tambayi likita abin da ke cina. Ta zauna a gefen benci, karo na farko da na ga ta zauna.

“Ba zan yi muku ƙarya ba, Baba. Ƙwayar ba ta taimaka ba. Amma na ga waɗanda ba a ba su komai ba jijiyar ta tsuke haka, na ga waɗanda muka yi duk abin da muka sani suka tafi. Ba wanda zai iya ce muku ga rabon ƙwaya, ga rabon ciwo.”

“Da rabon wanda ya yi shiru?”

“Shi ma.”

Ban san ko sadaka ta ba ni ba. Na karɓa dai.

Talata, da hantsi

Na sauka wurin motoci da jakar aikina. Na ƙwanƙwasa gilashin motar Babba. Da ya buɗe sai wari ya buge ni, na mutumin da ya kwana biyu bai gaisa da ruwa ba. Gemu ya fito masa ko ta ina kamar ciyawar bayan gari. Na'urar awon jinin tana kan kujerar gefe, a cikin jakarta.

“Fito. Ɗana ba ya yawo haka, mutane su ce ubansa wanzamin ƙarya ne.”

Na zaunar da shi a kan dutsen gefen bola. Na shafa sabulu. Maƙogwaronsa yana hawa yana sauka a ƙarƙashin aska.

“Baba, ni na…”

“Rufe baki, kada in yanka ka.”

“Ta mutu?”

“Da ta mutu da ka ji ’yan dubiya sun ƙaro kwanuka.”

Na gaya masa abin da likita ta ce, ban ƙara ban rage ba. Ya ce wannan maganar lallashi ce. Na ce wataƙila. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ita ba. Na ce ido ɗaya ne ma ya rage mai aiki sosai, ragi aka yi masa.

Ya yi kuka, kumfa na gangarowa cikin wuyan riga. Na ƙarasa askin. Bai hau ba.

Alhamis, da rana

Ta ƙi cin abinci. An ce ta iya haɗiya yanzu, a fara da romo, kuma a sa gishiri sosai don har yanzu na jikinta ƙasa yake. Auta ta kai cokali, ta datse haƙora. Mai Tocila ta gwada da lallashi, ta kau da kai. Ni da na gwada, kallon da ta yi mini ya sa na ajiye kwanon.

Idon nan na hagu ba ya barin ƙofa.

Likita ta ce in ba ta ci ba zuwa gobe za su mayar da roba ta hanci.

Auta ta ce, “Baba, me take nema a ƙofar?”

Na ce iska.

Juma'a, bayan azahar

Ban roƙi Babba ba. Na buɗe ƙofar motar na kama kunnensa, mutum mai ’ya'ya uku, na ce kotu ta zauna, ana kiran mai laifi. Muka hau matakala yana gaba ina baya, don kada ya juya.

’Yan dubiya suka buɗe baki za su yi sannu da zuwa. Na rufe ƙofa a fuskarsu. Abin da ya fi yi mini daɗi ke nan tun da muka zo asibitin nan.

Ya tsaya a ƙarshen gado. Ta dube shi tun daga takalmi har askin da na yi masa. Ta dubi bandejin cikinta, inda kanta yake ajiye. Ta sake dubansa. Ya durƙusa ya kifa goshi a ƙarfen gadon.

“Umma…”

Leɓenta ya yi ta kokawa. Miyau ya gangaro ta gefen da ya mutu. Auta ta kai hannu za ta goge, ta ture ta da hagu. Jijiyar wuya ta tashi. Ni dai na riƙe hulata.

“Kai.”

Muryar kamar an ja kujera a kan siminti. Ya ɗago.

Ta nuna kwanon romo da hannun hagu. Ta nuna ɗan ƙullin da Mai Tocila ta bari a kan durowa. Ta daɗe tana neman kalmar, muna ganin tana lalubenta kamar mai neman takalmi a ƙarƙashin gado.

“Gishiri.”

Ya kwance ƙullin. Ya ɗebo da yatsa biyu, ɗan mitsitsi, irin na mai tsoron Allah, ya barbaɗa.

“Ƙara.”

Ya ƙara. Ta ce ƙara. Ya ƙara har ni da ke tsaye na ji yawuna ya tsinke. Sannan ya ɗauki cokali, ta buɗe baki. Da ta haɗiye, ba wanda ya ce ta yi, sai ta wangale masa bakin, karkatacce, ta fito da harshe, ya gani.

Auta ba ta gane ba, dariya take tana kuka. Shi ya gane.

Rabin kwano ta sha, rabin rabin ya koma kan zani. Kalma uku ke gare ta yanzu a duniya, likita ta ce wataƙila su ƙaru, wataƙila ba da yawa ba. Hannun dama kuwa ba ta ce komai a kansa ba, na kuma lura ba ta ce ba.

Na sa hula zan fita in ba su wuri. Na kai bakin ƙofa, daidai inda na tsaya ranar Lahadin nan ina goge hannu a riga. Sai na ji kujera ta sake jan siminti.

“Kai.”

Na juya. Ba Babba take kallo ba. Ta saman kafaɗarsa take kallo.

Ba ta da sauran kalmomin tukuna. Amma Alƙali ba ta taɓa mantuwa da shari'a don an ɗage zama ba. Na dawo na zauna a kujera, na gyara hulata. Zan jira.